Majanyi a Kan Talabijin

Akwai wata mace a wani gari, sunanta Afiniki, ita ce 'yar fari a ɗakinsu. Waina take toyawa da safe a bakin wata makarantar firamare, da ɗan abin da take samu take tallafa wa mijinta wajen riƙon 'ya'yansu huɗu. Mahaifiyarta tana can ƙauyensu, tsohuwa ce, kowa Inna yake ce mata. Ubangiji ya riga ya kira mijin Inna gida, 'ya'ya kuma sun watse, kowa yana inda abincinsa yake. Gwiwoyinta sun fara ƙi, har majami'ar da take zuwa da ƙafa tun tana amarya ta zo ta yi mata nisa.

To, manyan cikinmu sun san yadda abin yake tsakanin uwa da ɗan fari a wajenmu, amma bari in faɗa saboda matasa. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta ma cika kallonsa ido da ido ba. Kunya ce, haka muka tarar. Ita Afiniki da aka yaye ta, sai aka ba ƙanwar ubanta riƙonta, wato Gwaggo Tani, wadda gidanta yake jikin nasu, katanga ɗaya ce tsakani. Tun daga ranar Inna ba ta da sunan da take kiranta da shi sai 'yar Tani. In tana so ta miƙo mata ludayi, "ke" ne. In baƙi suka tambaya wace ce wannan, sai ta ce 'yar Tani ce. Amma autanta Habila, wanda yake aiki a birni, sunansa kamar waƙa yake a bakinta. Habila ya ce, Habila ya aiko, ku rage wa Habila ƙanzo.

Afiniki ta san al'ada ce. Ta sani sarai, ita ma ai tana da nata ɗan farin. Sai dai sanin bai hana zuciyarta ciwo ba. Ta kai shekara arba'in da uku, furfura ta fara leƙo mata ta gefen ɗankwali, duk da haka in ta shiga ɗakin Inna ta durƙusa gaisuwa, sai ta ji kanta kamar yarinyar da aka aiko daga maƙwabta.

Wata Lahadi da la'asar ta isa ƙauyen ba tare da ta aika saƙon zuwanta ba. Ba ta sami Inna a gida ba. Ta leƙa nan, ta leƙa can, sai ta hango ta a bayan ɗakin malamin makarantar garin, tana zaune a kan 'yar kujera ƙarƙashin taga, ta jingina kanta da bango. A cikin ɗakin talabijin ne yake yi, ana nuna matan zumuntar majami'a suna waƙa. Masu gidan mutanen kirki ne, sun sha ce mata ta shigo, amma ita ba ta son cika wa mutane ɗaki, ga kuma maigidan yana ciki. Don haka ba ta ganin komai, ji kawai take yi. Leɓɓanta suna bin waƙar, tafin hannunta yana buga gwiwar nan mai ciwo a hankali.

Da ta ga Afiniki, sai ta dafa bango ta miƙe da sauri, ta ce kanwa ta zo nema. Afiniki ta dubi hannunta, babu kanwa. Ta ɗauki kujerar ta bi ta a baya.

Tun a motar komawa ta ƙudurta a ranta sai Inna ta ga matan nan da idonta, a cikin ɗakinta, a kan tabarmarta. Ta kira Habila a waya ta gaya masa. Habila yaron kirki ne, ya ji tausayi ƙwarai, ya ce Yaya ta bar masa wannan, shi zai saya wa Inna babba mai cika bango da zarar al'amura sun daidaita. Kirsimeti ya zo ya wuce. Ista ta zo ta wuce. Al'amura ba su daidaita ba, Inna kuwa tana nan ƙarƙashin taga kowace Lahadi.

Sai Afiniki ta sayar da akuyarta, ta haɗa da abin da take ɗan ajiyewa daga waina. Kafin ta je kasuwa, ta koma ƙauye ta duba inda za a ajiye shi. Ta bari sai da Inna ta fita wajen murhu, sannan ta tsaya tsakiyar ɗakin tana dube-dube. Ga gado. Ga kabad mai gilashi da ke fuskantar tabarma, samansa da cikinsa jere da kwanukan auren Inna, masu zanen fure, waɗanda take gogewa kowace Asabar, ba ta kuma yarda kowa ya taɓa. Wannan wuri shi ne ya fi dacewa, amma Afiniki ko a mafarki ba ta isa ta yi tunanin kayanta a nan ba. Sai ta juya ga wani tsohon akwatin ƙarfe da ke kusa da ƙofa, inda ake ɗora fitila da takalma. Ta ciro zare daga bakin zanenta, ta gwada faɗin akwatin, ta yi ƙulli a inda ya tsaya.

Ranar kasuwa ta shiga layin masu kayan lantarki. Ba ta taɓa sayen abu irin wannan ba, tana tsoron a cuce ta, tana kuma tsoron a yi mata dariya. Ta wuce wani shago, ta dawo, ta sake wucewa. Mai shagon, wani dattijo mai tabarau, ya leƙo.

Ya ce, "Uwargida, sau uku ke nan kina wuce ni. In inuwa kike nema, ga benci. In talabijin ne, ga su nan birjik."

Ta shiga da 'yar dariyar kunya. Ta nuna wani da ke rataye a bango, ya faɗa mata kuɗinsa, ta sauke hannu a hankali. Dattijon bai nuna ya gani ba. Ya tambaye ta abin da ta zo da shi, ta faɗa masa ƙasa-ƙasa. Sai ya ce da wannan akwai guda biyu da za ta iya ɗauka. Ya jawo wani babba daga lungu ya kaɗe shi, na hannu ne, an yi amfani da shi, amma yana sheƙi, faɗinsa kamar ƙofar ɗaki. Ya kuma sauko da wani ƙarami sabo a cikin kwalinsa, wanda mace za ta iya rungumewa da hannu ɗaya.

Idon Afiniki ya maƙale a kan babban. Nan take ta hango an sauke shi daga mota a ƙofar gida, mata sun fito suna cewa 'yar Tani ta yi abin a zo a gani. Ta hango Inna ta ɗago kai ta dube ta sosai, ko sau ɗaya. Har ta buɗe baki za ta ce a ɗaure mata shi, sai mai shagon ya tambaye ta wa za ta saya wa. Ta ce mahaifiyarta, a ƙauye.

"Wuta fa, akwai a garin?"

"Tana ɗan leƙowa ta gaishe mu ta koma."

Ya tambayi idon tsohuwar, ta ce har yanzu da kanta take saka zare a allura. Ya tambayi kunne, ta ce sai an ɗaga murya, in dai ba zancen autanta ake yi ba, wannan ko raɗa aka yi tana ji. Dattijon ya yi dariya har tabaraunsa ya zamo, ya ce tasa uwar ma haka take, Allah ya ji ƙanta. Ya tambaya ko ta yi boko, Afiniki ta ce waƙoƙin majami'a duk a ka suke, amma ba ta karanta ko harafi.

Sai ya zauna ya yi mata bayani dalla-dalla. Ya ce babban nan cin wuta gare shi, in ba janareta a gida, baƙin madubi kawai za ta kai wa tsohuwa. Rimot ɗinsa maɓallai ne jere kamar ƙwayar masara, shi kansa wani lokaci ɓata yake a ciki. Ya ce kuma ba zai ɓoye mata ba, an taɓa buɗe bayansa an yi gyara. Ƙaramin kuwa ɗan faifan sola da batir sun ishe shi, muryarsa tana fita ras, kuma kuɗinta za su kai ta ɗauke shi har da solar da eriya.

Ya ce, "Babban nan na masu leƙen ɗaki ne. Ƙaramin shi ne na mai ɗakin."

Afiniki ta kwance zarenta ta gwada. Babban ya wuce ƙullin nesa. Ƙaramin ya zauna daidai, har da ragowar yatsa biyu. Ta daɗe a tsaye tana murza zaren a hannu.

Ta ce, "Malam, ba za a ce na raina ta ba?"

Ya ce, "Wa zai ce? Ita, ko mutanen gari?"

Afiniki ta naɗe zarenta. Ta ɗauki ƙaramin. Amma gaskiya, har ta fita daga layin tana waiwayen babban.

A gida ta ɗauko jan farcenta, ta ɗiga ɗigo ɗaya a kan maɓallin kunnawa, ɗigo biyu a kan na ƙara murya, domin Inna ta gane su da ido. Mijinta ya tsaya yana kallo, ya ce lallai yau rimot ma ya sha kwalliya kamar amarya. Ita dai ba ta yi dariya ba, tana ta hura wa jan farcen iska ya bushe.

Ranar Asabar ta kai shi. Wani maƙwabci mai gyaran rediyo ya kafa eriya, ya ɗora solar a kan rufi. Afiniki ta kwashe takalma da fitila daga kan akwatin ƙarfe, ta goge, ta ɗora talabijin. Gwaggo Tani ta shigo tana ta sa albarka. Aka kunna, hoto ya fito tar, murya ta cika ɗaki. Afiniki ta durƙusa ta miƙa wa Inna rimot da hannu biyu, ta nuna mata ɗigon nan ɗaya da biyun.

Inna ta karɓa. Ta dubi talabijin, ta dubi ƙasa. Sannan ta ce, "Ba laifi."

Shi ke nan. Ta juya ga Gwaggo Tani ta ce 'yarta ta sha hanya, a ba ta ruwa. Ta tambaya ko an ji labarin Habila kwanan nan. Daga nan ta dafa gado ta miƙe, ta ce bari ta duba tukunya.

'Yan'uwana, kun san yadda muke faɗin wannan kalma. Miyar da gishirinta bai ji ba, ita ake cewa ba laifi. Ɗinkin da tela ya ɗan karkatar, ba laifi. Afiniki ta koma gida da kalmar nan zaune a ƙirjinta kamar dutse. Mako uku tana juya ta. Waina ta ƙone mata a tanda sau biyu, masu saye suna tambaya ko lafiya. Tana cewa a ranta, da babban na ɗauka. Da na ƙara haƙuri na tara. Da na bar wa Habila, ai shi ko tsinke ya kawo a yi ta zancensa har girbi. Ko a addu'a ba ta iya faɗin abin da ke damunta sosai ba, don tana jin nauyin a ce mace mai 'ya'ya huɗu tana neman yabon uwa.

Da mako ukun ya cika, ran Lahadi bayan an tashi sujada, ta shiga mota ta koma. Ta yi sallama, ta ɗaga labule, idonta ya fara sauka a kan akwatin ƙarfe. Fitila da takalma sun dawo wurinsu. Babu talabijin.

Ta durƙusa ta gaishe da Inna, Inna ta amsa tana kallon gefe yadda ta saba. Can Afiniki ta saci kallon ɗakin, sai ta ga wani abu a saman kabad an lulluɓe shi da wani tsohon ƙyalle, kalarsa ta koɗe, bakinsa ya zaizaye. Daga tudunsa ta gane talabijin ne. Ta ce a ranta, ashe ma rufe shi ta yi. Ta ɗauke shi daga bakin ƙofa kada masu shigowa su gani, ta sa masa tsumma. Hankalinta ya tashi har ba ta lura da wani abu kuma ba.

Ta ce za ta gaishe da Gwaggo, ta fita. Ta sami Gwaggo Tani a inuwar rumbu tana tsinkar zogale. Ko gaisuwar ba ta gama ba hawaye suka zubo. Ta ce ita dai ta yi kuskure, ta kawo wa Inna abin kunya, gobe za ta mayar ta roƙi mai shago ya canza mata da babban, ko na hannu ne.

Gwaggo Tani ta dube ta sama da ƙasa. Ta ce, "Ke Afiniki, da furfurarki kike kuka kamar an ƙwace miki ƙosai? Wane abin kunya?"

"Gwaggo, tsumma ta rufe shi da shi."

"Tsumma. Saƙi ne baƙi da fari, da jan zare a baki?"

Ta ce shi ne. Gwaggo ta ajiye faifan zogale a gefe, ta kakkaɓe hannu.

"Wannan da kike ce wa tsumma, majanyinki ne. Da shi ta goya ki har aka yaye ki. Ranar da aka kawo mini ke, kin ƙi barci, kina ta neman ƙamshin uwarki. Na tsallaka na ce ta ba ni majanyin in goya ki da shi ko kya yi shiru. Ta dube ni ido da ido ta ce ya ɓace. Shekara arba'in da ɗoriya tana yi mini ƙarya, Ubangiji ya gafarta mata. Ashe yana ƙasan akwatin nan na ƙarfe, cikin leda, da ƙwayar kafur. Ta haifi shida bayanki, ba ta goya ko ɗaya da shi ba, har Habilan."

Afiniki ta daina kuka, ta matso kusa da ita.

Gwaggo ta ci gaba da ba ta labari. Ta ce washegarin tafiyarta Inna ta kira ta ta katanga, wai ta zo ta kama mata aiki. Ta je ta tarar tana sauke kwanukan aure daga saman kabad ɗaya bayan ɗaya tana turawa ƙarƙashin gado, kwanukan da ko ranar bikin Habila ba ta bari an zuba abinci a ciki ba. Da Gwaggo ta tambaye ta dalili, sai ta ce bakin ƙofa akwai feshin ruwa, ga kaji. Suka kama talabijin su biyu kamar jariri suka ɗora. Sannan Inna ta buɗe akwati ta ciro majanyin, a nan ne faɗa ya tashi tsakanin tsofaffin biyu, har sai da dariya ta raba su. Ta ce yanzu kowace yamma tsofaffin unguwa a ɗakin suke taruwa, duk wadda ta shigo sai an gaya mata 'yar Tani ce ta kawo, ko jiya an gaya mata. Habila ma ya kira a waya ya ce babban yana nan tafe, Inna ta ce masa ya saya wa matarsa, ita ɗakinta ya cika.

Afiniki ta share fuska da bakin zane. Ta ce, to, amma me ya sa ba ta ce komai ba sai ba laifi?

Gwaggo Tani ta jawo faifanta ta ci gaba da tsinka. Ta ce, "Ina ɗakin ranar da aka haife ki. Ungozoma ta wanke ki ta ɗaga ki ta ce mata ga 'yarki, kyakkyawa. Ɗaki cike da surukai. Ta ɗan kalle ki da wutsiyar ido, ta ce ba laifi, ta juya fuska bango. Ni da nake wajen bangon ni na ga fuskar. Tun da nake da ita, sau biyu na ji ta faɗi kalmar nan da wannan muryar. Na biyun, mako uku ke nan."

Afiniki ta miƙe daga inuwar rumbu. Sannan ta wanke fuska a randar Gwaggo, ta koma ɗakin Inna. Yanzu ne ta ga bakin kwanukan suna leƙowa daga ƙarƙashin gado.

Inna tana kan tabarma. Ba ta dube ta ba, ta miƙo mata rimot ta ce, "Ke, kin zo da jan abin nan? Ya goge."

Afiniki ta duba. Ɗigon kunnawa ya kusa ƙarewa saboda dannawa, sai ɗan alama. Ta ce ba ta zo da shi ba, amma in ta dawo za ta kawo. Inna ta ce to. Ta dafa gado ta miƙe, ta je da kanta ta ɗage majanyin, ta ninka shi huɗu, ta dawo ta zauna ta ɗora shi a cinya. Ta danna. Sai ga matan zumunta cikin anko, suna waƙa suna rausaya.

Afiniki tana zaune a bakin ƙofa, inda take zama tun tana yarinya. Inna ta ɗan muskuta a kan tabarma, idonta yana kan talabijin.

Ta ce, "Daga can ba za ki gani ba, ƙarami ne. Matso."

Ta matso. Inna ta ce ta ƙara. Ta ƙara matsowa har kafaɗarta ta taɓa ta Inna. Bakin majanyin ya zamo ya sauka a kan gwiwar Afiniki, Inna kuwa ba ta janye shi ba. Suka kalli waƙar har ta ƙare. Da babban ta saya, da daga bakin ƙofa ma ana gani.

To, ga ma'anar misalin nan, gwargwadon yadda Ubangiji ya ba ni ganewa. Ni ba mai zurfin karatu ba ce, in na karkace Baba Fasto zai daidaita.

Afiniki mu ne, ni da ku. Ƙaramin talabijin shi ne ɗan abin da muke kawowa gaban Allah: addu'ar da muke yi da gyangyaɗi, sharar majami'a, kwanon tuwon da muka kai wa mara lafiya, waƙar da muke yi da muryar da ba ta da daɗi. Muna kawowa muna waiwayen na wasu. Tun kafin mu zo ma mun riga mun gwada wa kanmu wuri a bakin ƙofa, wajen takalma, mun yi ƙulli, mun ce iyakarmu ke nan. In muka yi addu'a muka ji shiru, sai mu ce ya raina. Ni na sha faɗa wa kaina haka, ba sau ɗaya ba, musamman a kan yarana, in na yi ta roƙo ban ga canji ba.

Amma Afiniki ba ta nan lokacin da aka sauke kwanuka. Tana can tana ƙona waina da damuwa, ana nan ana gyara wa kyautarta wuri mafi daraja a ɗakin. Shirun da muke ji ba ya nufin ba a karɓa ba. Sau da yawa ba mu wurin ne sa'ad da ake aikin.

Majanyin kuwa alherin Allah ne. Tun ba mu san hannun dama da na hagu ba ya goya mu, tun ba mu da abin kawowa. Bai kuwa yar da wannan majanyi ba. Abin da muka kawo ƙarami ne, gaskiya ne, ba sai mun yi musu ba. Amma da ƙaunar da ya ɗauke mu da ita tun farko yake lulluɓe shi, shi ya sa yake da daraja. Kalmar nan kuma da ta hana Afiniki sukuni, ku sake saurarenta a hankali. Ba laifi. Mu da muka san laifofinmu, wace magana ce ta fi wannan daɗi? Saboda Yesu Almasihu, Uba yana duban mai zunubi irina ya ce babu laifi. Ba don gishirin miyar ya ji ba. Don an riga an biya mana ne a kan gicciye.

A wuri ɗaya ne misalin bai kai ba, kada yara su tafi da kuskure. Inna kunya ta hana ta kiran sunan 'yarta. Ubanmu na sama ba ya jin kunyarmu. Ya san sunan kowannenmu, ɗan fari da auta, yana kuma kira.

Ku da iyayenku suke da rai, ina roƙonku, kada ku jira sai al'amura sun daidaita. Habila ba mugu ba ne, niyyarsa mai kyau ce, amma Lahadi nawa tsohuwa ta yi a ƙarƙashin taga tana jiran mai cika bango? In za ku saya musu abu, ku yi tambayoyin da dattijon nan ya yi. Akwai wuta? Ido yana gani? Kunne yana ji? Hannu zai iya dannawa? Ku saya wa mai ɗakin, ku bar masu leƙe. In kuma kun kai aka ce muku ba laifi, kada ku yi saurin kuka, ku fara leƙa ƙarƙashin gado tukuna.

Mu iyaye mata kuma, a nan ne jikina yake sanyi. Ni ma ina da ɗan fari, yana da matarsa da 'ya'yansa. Har yau bakina bai iya sunansa ba, na gwada, ya ƙi. Sai nake tunani, shin shi ma yana fita daga ɗakina da dutse a ƙirji ban sani ba? Ba kowane yaro ne yake da Gwaggo Tani a bayan katanga da za ta fassara masa uwarsa ba. Ban ce mu zubar da kunya ba, ita ma ado ce. Amma in sunan ya gagare mu, akwai kalmar da ba ta gagari Inna ba, ba kuwa za ta gagare mu ba. Ran Asabar ɗan nawa zai zo gaishe ni, zai zauna a bakin ƙofa yadda ya saba. Na riga na shimfiɗa tabarmar da ta ishi mutum biyu. Ku taya ni da addu'a bakina ya buɗe in ce masa, matso.

Haka Ubangiji yake ce wa kowannenmu yau, da ɗan ƙaramin abin da ke hannunmu. Ya ba mu kunnen ji da ƙafar matsowa. Amin.